BAƘON DA KE ZUWA CIKIN KAYA

Darasi domin Hakimai da Malamansu a kan yadda matafiya za su kauce wa yaɗa ƙwari da cututtukan shuka

1. DALILIN WANNAN DARASI

An shirya wannan darasi domin Hakiman gundumomin da ke arewa da birnin Kano, watau su Ungogo, Minjibir, Gezawa, Dawakin Tofa, Bici, Bagwai, Tsanyawa, Kunci, Makoɗa da Ɗambatta, da kuma malaman da ke riƙe musu littattafai. Ana fata za su karanta shi a tsanake, sa'an nan su bayyana shi ga Dagatai da Masu Unguwa, su kuma su isar da shi ga talakawa.

Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne, domin ya kan kwana ya wuce. Amma akwai wani baƙo wanda ba ya sallama, in kuwa ya sauka ba ya tashi. Ya kan zo cikin mudun iri, ko cikin ɗinkin tsohon buhu, ko a gindin kwandon tumatir, ko cikin laka a ƙafar tarakta. Wanda ya kawo shi bai san ya kawo shi ba, sau da yawa ma alheri ya yi nufi. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtuka su kan lalata har kashi 40 cikin ɗari na amfanin gonar duniya kowace shekara. Mafi munin su kuwa su ne baƙi, zama sun baro maƙiyansu a ƙasarsu, manomi kuma bai san maganinsu ba.

Abin da a ke so mai karatu ya riƙe daga darasin nan shi ne: ƙwaro da ƙafarsa ba ya yin nisa, yawancin doguwar tafiyarsa a kan kayan mutum ya ke yin ta. Saboda haka tsaron da ya fi sauƙi da araha shi ne wanda matafiyi zai yi kafin ya ɗaura kayansa, da kuma ranar da ya kwance su.

2. HALIN ƘASARMU

Akwai dalilai uku da su ka sa wannan magana ta fi nauyi a kanmu bisa ga waɗansu wurare.

Na fari, gonakinmu a haɗe su ke. A cikin shekarun 1960 wani masani na Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya auna ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, ya sami fiye da kashi 80 cikin ɗari ana noma ta kowace shekara ba hutu. Tun daga lokacin jama'a ƙaruwa su ka yi, gonaki kuma su ka ƙara tsukewa wajen rabon gado. A inda daji ya raba ƙauye da ƙauye, cuta ta kan tsaya a bakin dajin. Mu a nan abin da ya raba gonar mutum da ta maƙwabcinsa layin gamba ne ko na lalle, ko 'yar hanyar da jaki zai bi. Abin da ya sauka a gona ɗaya ya sauka a gundumar duka.

Na biyu, ƙasarmu mararraba ce. Hanyar Daura da Damagaram ta ratsa Ɗambatta, hanyar Katsina da Maraɗi ta ratsa Bici da Tsanyawa, hanyar Gumel da Maigatari ta ratsa Gezawa. Kasuwar Dawanau, wadda tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, a ƙasar Dawakin Tofa ta ke. Bayan wannan ga 'yan cirani masu fita da kaka su komo da bazara, ga fatake, ga almajirai, ga makiyaya, ga alhazai.

Na uku, noman rani ya yawaita. Tun daga shekarun 1970 aka giggina madatsun ruwa, kamar na Watari a Bagwai, da Tomas a wajen Ɗambatta, da Gari a Kunci, da Jakara a Minjibir. Wannan alheri ne babba. Amma a da, rani ya kan kashe yawancin ƙwari da yunwa, yanzu kuwa akwai ɗanyen ganye a fadama daga kaka har faɗuwar ruwa, baƙon ƙwaro ya sami masauki ke nan a kowane wata.

3. ABIN DA YA FARU A BAYA

Domin kada a ɗauka zancen baka ne kawai, ga waɗansu misalai.

A shekarar 1845 wata cutar dankalin Turawa ta ƙetaro teku daga Amurka ta faɗa wa ƙasar Ailan, inda dankali shi ne tuwon talaka. Cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya su ka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke bin ta, fiye da miliyan kuma su ka yi ƙaura. Bayan haka kaɗan, a cikin shekarun 1860, wani ɗan ƙwaro ya shiga Faransa a jikin saiwar inabin da aka kawo daga Amurka don dashe, ya kusa ƙarar da gonakin inabin ƙasar. Irin waɗannan masifu su ka sa ƙasashe su ka fara yin dokokin binciken tsirrai a kan iyaka, har aka kai ga Yarjejeniyar Kare Tsirrai ta Duniya a shekarar 1951. Nijeriya tana cikin wannan yarjejeniya.

A nan gida, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gyaɗa ta taru a Kano saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta da sauri, dala ta kan yi shekara tana jira. A lokacin ne wani ƙaramin ƙwaro mai suna kafra, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya yi ɓarna cikin dalar gyaɗa da ɗakunan ajiya. Tsutsarsa ta kan ɓuya a tsagar bango ko a ɗinkin buhu fiye da shekara ba ta ci kome ba, tana jiran sabon kaya.

A shekarar 1973 aka ga wani farin ƙwaro mai kama da gari a kan rogo a ƙasar Kwango. Masana sun tafi a kan cewa a jikin sandar rogon da aka ɗauko daga Amurka ta Kudu don dashe ya shigo. Kafin shekara goma ya game yawancin ƙasashen da ke noman rogo, har da Nijeriya, a waɗansu gonaki ya cinye kashi 80 cikin ɗari. Ba a shawo kansa ba sai da aka samo ɗan zanzaron da ke kashe shi a ƙasarsa ta asali, masanan cibiyar IITA ta Ibadan su ka fara sakinsa a shekarar 1981.

Haka nan wani ƙwaro mai huda masara a rumbu, wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne, ya bayyana a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, ya shigo Nijeriya a 1992. Cikin hatsin fatauci ya ke tafiya, yana huda busasshen rogo, har itacen rumbu bai bari ba.

Wanda kowa zai tuna shi ne tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. An gan ta a Sifen a 2006, ta bi gaɓar Bahar Rum, ta ƙetaro Sahara, a shekarun 2015 da 2016 ta lalata tumatir a Kadawa da Kura da sauran fadamun Kano, da Katsina da Kaduna da Jigawa. Gwamnatin Jihar Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir a watan Mayu na 2016. Ta sake yin ɓarna mai yawa a 2023.

Ba mu kaɗai baƙon ciyawa ke wahalarwa ba. A shekarar 1956 aka ga wani jinsin wuta-wuta a gonakin masara na jihar Karolina a Amurka. Gwamnatinsu ta killace yankin, ta hana fitar da ƙasa da injin noma sai an wanke, aka yi shekaru fiye da hamsin ana kashe kuɗi masu yawa kafin a rage ta ta koma 'yan gonaki kaɗan. In ƙasa mai wannan arziki ta sha wannan wuya a kan ciyawa ɗaya, ashe rigakafi ya fi magani.

4. MAI FIFFIKE DA MAI HAWA KAYA

Lalle ne Hakimi ya bambanta abu biyu, don kada a ɗora wa matafiyi laifin da ba nasa ba.

Akwai annobar da iska ke kawowa. Fara da jan-baki da fiffikensu su ke zuwa. Baƙuwar tsutsar masara, wadda aka fara gani a Afirka a kudu maso yammacin Nijeriya a farkon 2016, uwarta faɗa-wuta ce mai iya tafiyar kilomita ɗari a dare ɗaya in iska ta taimake ta. Kuturtar gyaɗa kuma, wadda a shekarar 1975 ta lalata gyaɗa a hekta wajen 700,000 a Arewacin Nijeriya, ba a cikin iri ta ke ba. Darɓa ce ke tsotso ta daga gyaɗa mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Maganin wannan shi ne a tumɓuke gyauron gyaɗa da rani, a yi shuka da wuri, a shuka kusa-kusa, a nemi irin da ke jure cutar, kamar SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Akwai kuma annobar da ba ta iya yin nisa sai an ɗauke ta. Ita ce darasin nan ya shafa. Amma fa a lura, ko mai fiffiken ma mutum ya kan rage masa hanya: tekun da ke tsakanin Amurka da Afirka ya fi ƙarfin fiffiken faɗa-wuta, ɗanyar masarar da a ke kawowa daga kudu don gashi kuwa ta kan zo da tsutsa cikin ɓawonta.

5. ƘOFOFI BIYAR

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga ƙofofin da baƙon nan ke bi.

Ƙofa ta fari: iri. Ɗan cirani ya ga dawa mai kyan ƙwaya a wata kasuwa, ya auno tiya biyu ya kawo gida ya shuka. Abin da bai gani ba shi ne 'ya'yan wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya ya kan zubar da dubu hamsin ko fiye, su kan kuma kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar dawa ko gero ko masara. Sa'ad da manomi ya ga jan furenta, ta riga ta gama tsotse shukar daga ƙarƙashin ƙasa. A farkon shekarun 1990 masanan IITA sun auno hatsi a kasuwannin Nijeriya, su ka sami 'ya'yan wuta-wuta a ciki, su ka gane cewa iri ne babbar hanyar da ta ke bi ta yi nisa, iska kuwa 'yar tazara kaɗan ta ke kai ta. Dalili shi ne a kan kwantar da zangarniya a ƙasa lokacin girbi, a kuma yi sussuka a ƙasa. Wake ma yana da tasa wuta-wutar. Burtuntuna kuma a jikin ƙwayar dawa ta ke manne wa: zangarniya ɗaya mai burtuntuna in ta shiga sussuka, baƙin garinta ya shafi dami duka.

Ƙofa ta biyu: dashe. Sandar rogo, yaɗon dankali, gaɓar rake, 'ya'yan ayaba da na dabino, da renon tumatir da tattasai da albasa, duka jikin uwa ne aka yanko, ciwon uwa kuma yana cikinsu. Rogon da ganyensa ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, duk sandar da aka yanka daga gare shi haka za ta fito. Renon tumatir da aka sayo a wata fadama ya kan zo da ƙwan sharon a bayan ganye, ƙasar da ke saiwarsa kuma ta kan zo da tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli.

Ƙofa ta uku: buhu da kwando da mota. Macen sharon ta kan yi ƙwai har 250 da ɗoriya, cikin wata guda kuma ƙwan ya zama uwa. In tsutsar ta ƙoshi ta kan fita daga tumatir ta naɗe kanta a ƙasa ko a saƙar kwando. Kwandon da ya kai kaya Ikko ko Fatakwal ya kan komo fanko, a jibge shi a bakin lambu, abin da ke cikinsa ya fito. Tsohon buhun algarara kuwa gidan ƙwaron wake ne da na hatsi, haka nan sharar da ke kwance a bayan mota.

Ƙofa ta huɗu: ƙasa da taki da kayan aiki. Tarakta da garmar shanu da injin sussuka na haya su kan tashi daga gona su shiga gona da laka da ƙaiƙayi a jikinsu. Harawa da karan da aka yanko a gonar wuta-wuta su kan zo da kwanson 'ya'yanta, dabba ta ci, waɗansu su fita cikin kashinta da ransu.

Ƙofa ta biyar: guzuri da tsaraba. Wani ƙudan 'ya'yan itace na Asiya ya bayyana a Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Yana yin ƙwai a cikin mangwaro da lemo da gwaiba, daga waje ba a ganin kome. Matafiyi ya ɓare mangwaro ya ga tsutsa, ya jefar a bakin hanya, tsutsar ta shige ƙasa ta fito ƙuda.

6. ABIN DA MATAFIYI ZAI YI

Kafin ya taso:

(a) Ya raba abin ci da abin shuka. Hatsin kasuwa na tukunya ne. Mai son sabon iri ya nemi wanda aka tantance, mai takarda a bakin buhu, ta hannun Malamin Gona ko dillalin da aka sani.

(b) In dangi ne za su ba shi iri, ya tambayi halin gonar. In akwai wuta-wuta ko burtuntuna a cikinta, ya yi godiya ya karɓa don ci.

(c) Kada ya yanki dashe sai ya ga uwar da idonsa tana tsaye da lafiya. Ya kakkaɓe ƙasar saiwa a can inda ya samo.

(d) Ya juya buhu ciki waje, ya kakkaɓe, ya shanya a rana mai zafi. Ya share bayan mota kafin lodi, ya ƙone sharar.

(e) Ya kankare laka daga garma da fartanya da tayar tarakta da takalmi, a gonar da ya gama aiki.

A kan hanya:

(f) Kada ya zubar da ruɓaɓɓen tumatir ko mangwaro ko ɓawon masara a bakin gona ko a gefen rafi. Ya tara, in ya sauka ya binne a rami mai zurfin kamu biyu, ko ya ɗaure cikin baƙar leda ya bar ta a rana kwana uku.

Sa'ad da ya iso:

(g) Kada baƙon hatsi ya shiga rumbu ɗaya da na gida sai an shanya shi an duba. Wake a baza shi a kan baƙar leda, a rufe da fara, a bar shi cikin zafin rana tsaka sa'a biyu ko uku, zafin zai kashe ƙwaro da ƙwansa. Sa'an nan a zuba a buhun nan mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga, ko a durom mai murfi.

(h) Irin da ba a san asalinsa ba, in tilas sai an shuka shi, a shiƙe shi sarai, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido don ƙura ta zube, a ƙone abin da ya zube. A cuɗa shi da maganin iri. A shuka shi a 'yar kusurwa kusa da gida shekara ɗaya ana dubawa, in wuta-wuta ta fito a cire ta kafin ta yi fure, a ƙone. Irin da aka cuɗa da magani dafi ne, ba a ci, ba a ba kaji.

(i) Kwandunan da su ka komo daga kasuwa a ajiye su nesa da gadon reno, a kakkaɓe, a shanya. Akwatin roba ya fi, domin yana wankuwa da ruwa da sabulu.

(j) Takin da aka kawo daga nesa a tara shi a rami ya ruɓe sosai kafin a kai gona. Ba a ce a ƙi taki ba, ba a kuma ce a kori makiyaya daga sauka a gona da kaka ba, zama taki shi ne ran wannan ƙasa tun kaka da kakanni.

Akwai gargaɗi ɗaya. Tsoron ƙwaro kada ya sa mutum ya zuba maganin feshi a kan abincin da za a ci. A da ba a san wannan hali ba, amma a zamanin nan ya yawaita, har a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, 'ya'yanmu ne za su ci shi.

7. MASU KOMOWA DAGA ƘASASHEN WAJE

Alhazai da ɗalibai da 'yan kasuwa su kan so su zo da irin wani abu da su ka gani ya burge su. Dabinon ci ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ɗanyen tsiro, da saiwa, da ƙasa, da iri. A ƙasashen Larabawa akwai wani jan ƙwaro mai cin cikin bishiyar dabino, wanda ya shiga can daga Asiya a cikin shekarun 1980, ya kai Masar a 1992. Cikin 'ya'yan dabinon dashe ya ke tafiya, ba a kuwa gane shi sai bishiya ta kusa faɗuwa.

Dokar Nijeriya ta hana shigo da iri ko tsiro sai da takardar izni daga Hukumar Killace Tsirrai da Dabbobi ta Ƙasa, watau NAQS, tare da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito. Ma'aikatan hukumar suna filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da kan iyakokin ƙasa. Wanda ya zo da irin wannan kaya ya nuna musu da kansa. Ya kamata Hakimai su sa a faɗi wannan a wurin bitar maniyyata kowace shekara.

Game da 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya, ƙwaro kuma bai san iyaka ba. Abin da mu ke tsoron su kawo mana, su ma suna tsoron mu kai musu. Ka'idodin sashi na 6 sun hau kan mai fita kamar yadda su ka hau kan mai shigowa.

8. AIKIN HAKIMI

Na ɗaya, faɗakarwa a kan kari. Lokaci biyu ne su ka fi muhimmanci: da kaka, sa'ad da 'yan cirani ke shirin fita kuma a ke fara renon tumatir, da kuma bazara, sa'ad da su ke komowa ana neman iri. A sa sanƙira ya yi shela ran kasuwa. A kira Sarkin Noma da Sarkin Kasuwa da shugabannin direbobi da masu tarakta da dillalan hatsi a yi musu bayani.

Na biyu, wurin zubar da ruɓaɓɓen kayan gwari. Kowace kasuwa ta sami rami nesa da lambu, a riƙa rufe shi da ƙasa.

Na uku, saurin kai labari. Duk ƙwaro ko ciwon shuka da dattawan gari su ka ce ba su taɓa gani ba, Mai Unguwa ya gaya wa Dagaci a ranar, Dagaci ya gaya wa Hakimi, Hakimi ya aika wa Sashen Gona na Ƙaramar Hukuma da ofishin KNARDA na shiyya da ke Ɗambatta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: annobar da ke gona uku ana iya kashe ta, wadda ta kai ƙauye talatin sai dai a koyi zama da ita.

Na huɗu, adalci. Kada a kunyata wanda aka fara ganin cuta a gonarsa, kada a ci shi tara. In aka wulakanta mutum ɗaya, sauran za su ɓoye, ɓoyewa kuwa ita ce abincin annoba. Kada kuma a ɗora wa wata kabila ko baƙin wani gari laifi ba da shaida ba. Haka nan darasin nan bai ba kowa iznin kafa shinge a hanya ko ƙwace kaya ko karɓar kuɗi daga matafiya ba. Binciken kaya aikin hukumar da doka ta ɗora wa ne. Makamin Hakimi shi ne girmansa da jin maganarsa, da kuma misalin da zai nuna a gandunsa.

9. AIKIN MALAMIN HAKIMI

Malami ya buɗe littafi na musamman, ya ja layi kamar haka: kwanan wata, sunan ƙauye da unguwa, irin shukar, alamar da aka gani, a ganye ne ko kara ko saiwa ko rumbu, yawan gonakin da abin ya shafa, inda aka samo iri ko dashe, kayan da su ka shigo unguwar daga nesa a watannin baya, ranar da aka aika da labari, ranar da Malamin Gona ya zo, da abin da ya ce.

Ya rubuta abin da aka gani, kada ya rubuta abin da a ke zato. In za a aika da samfuri, hoto da wayar hannu ya fi sauri, ya kuma fi aminci. In ƙwaron kansa a ke bukata, a sa shi a kwalba mai murfi a toshe. Kada a ɗauki shuka mai ciwo a buɗe a ratsa kasuwa da ita, don kada mai kai ƙara ya zama mai yaɗawa. A ƙarshen kowace damina da kowane rani malami ya taƙaita abin da ke littafin ya karanta wa Hakimi a gaban Dagatai. Bayan shekara biyar littafin zai nuna ta wace hanya da wane wata ɓarna ta fi shigowa gundumar.

10. TAMBAYOYI DON BITA

1. Waɗanne dalilai uku su ka sa baƙuwar cuta ta fi saurin yaɗuwa a ƙasarmu?
2. Me ya bambanta yadda kuturtar gyaɗa ke yaɗuwa da yadda burtuntuna ke yaɗuwa?
3. Ɗan cirani ya komo da tiya uku ta dawa daga wata kasuwa yana so ya shuka. Wace shawara za ka ba shi?
4. Don me ba a ajiye kwandon da ya komo daga kasuwa kusa da gadon reno?
5. Don me ba a cin tarar wanda ya kawo labarin cuta a gonarsa?

Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta sashi na 6 a gaban Dagatai da Masu Unguwa kafin faɗuwar ruwa, a kuma maimaita shi da kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana rumbunanmu.